IDAN NOTI YA KARYE A CIKIN INJIN MOTA

Ranar Litinin ake cin kasuwar Shuwarin. Saboda haka ranar Lahadi da yamma, masu motocin ƙauye da yawa a yankin Dutse da Kiyawa da Jahun sukan buɗe gaban mota a ƙofar gida. Wani yana sauya famfon ruwa. Wani yana toshe inda baƙin mai yake yoyo. Wani kuma salansa ce ta dame shi da ƙara. Kowa yana so gari ya waye motarsa lafiya lau, ya ɗauki fasinja da buhunan riɗi da gero.

A cikin irin wannan aiki ne akan gamu da tsautsayi. Mutum ya sa sifana, ya ja, noti ya ƙi motsi. Ya ƙara ƙarfi. Sai ya ji ƙas! Kan noti yana hannunsa, sauran ya maƙale a cikin inji.

Noti abu ne mai araha. Amma ramin da ya karye a ciki yana jikin inji ne, shi kuwa inji yana da tsada ƙwarai. Wanda ya bi a hankali zai sayi noti ɗaya kawai. Wanda ya yi garaje yana iya sayar da hatsin shekara don ya sayi wani kan inji. Bayanin da ke tafe ya shafi mota, ya shafi babur, da injin ban ruwa na fadama, da injin niƙa.

YADDA NOTI YAKE

Makanikai suna bambanta abu biyu. Akwai bol, wato dogon ƙarfe mai kai da zare a jikinsa. Akwai noti, wato zoben da ake ɗaurawa a kan bol. Yawancin jama'a suna kiran duka biyun noti, haka kuma za a kira su a nan.

Zaren da ke jikin noti shi ne yake kama zaren da ke cikin rami. Idan aka juya dama, yana ɗauruwa. Idan aka juya hagu, yana kwancewa. Muddin zaren ramin yana da lafiya, matsalar ƙarama ce. Duk aikin da za a yi, don a ceci wannan zare ne.

ME KE KARYA NOTI?

Na ɗaya, tsatsa. Notin da ke kusa da ruwa ko zafi ya fi yin tsatsa. Shi ya sa na famfon ruwa da na bakin salansa suka fi karyewa. Masu zuba ruwan rijiya zalla a lagireto suna ƙara wa injinsu tsatsa.

Na biyu, haɗuwar ƙarfe iri biyu. Noti baƙin ƙarfe ne. Kan inji kuwa na alminiyam ne a motoci da yawa. Haka yake a Peugeot 504, wadda jama'a ke kira Fijo, irin wadda aka yi ta haɗawa a Kaduna bayan buɗe kamfanin a 1975. Haka yake a Golf. Idan waɗannan ƙarafa biyu suka daɗe tare cikin laima, sai wani farin gari ya fito tsakaninsu, ya riƙe noti kam.

Na uku, ƙarfin da ya wuce kima. Wasu suna zura bututu a hannun sifana don ta ƙara tsawo. Wasu ma takawa suke yi da ƙafa. Ƙaramin noti ba ya jure wannan.

Na huɗu, noti mara kyau, ko wanda ya tsufa. Wanda aka sha ɗaurewa ana kwancewa yakan miƙe, ya sirance a tsakiya. Irin wannan ranar karyewa kawai yake jira.

ABU NA FARKO: A DAKATA

Da noti ya karye, sai a ajiye sifana. Hausawa sun ce sauri ya haifi nawa. Mafi yawan ɓarnar da ake yi wa inji, cikin fushin da ke biyo bayan karyewar ake yin ta.

A bar inji ya huce. A cire wayoyin batir, a fara da mai alamar ragi. A toshe duk wata kafa da ke buɗe a jikin inji da tsumma mai tsabta, don kada ɓarɓashin ƙarfe ko yashi ya faɗa ciki. A goge wurin, a kawo haske, a duba da kyau. Idan dare ya yi, a bari sai da safe.

Sai a zuba wa guntun mai. Kananzir da aka gauraya da ɗan baƙin mai yana aiki. Akwai kuma man fesawa na gwangwani da ake sayarwa a shagunan kayan mota, kamar WD-40. A ɗan bubbuga kan guntun da ƙaramar guduma, bugu mara ƙarfi. Girgizar tana fasa tsatsa, mai ya sami hanyar shiga. A ƙara zubawa, a bar shi ya kwana in da hali.

Bayan haka sai a duba inda ya karye. Abu uku ne: ko guntun ya fito waje, ko ya yi daidai da bakin rami, ko ya nutse ciki.

IDAN GUNTUN YA FITO WAJE

Wannan shi ne mai sauƙi, ana iya gama shi a gida.

1. A goge gefe biyu na guntun da magagari har su yi shafal. A kama shi da filaya mai kulle, a matse sosai.

2. A ɗan juya dama kaɗan, sannan hagu kaɗan. A yi ta yin haka ana ƙara mai. Da ya fara motsi, an ci rabin aiki. Kada a fizga.

3. Idan akwai sauran zare mai tsawo a jikin guntun, a ɗaura masa noti biyu, ɗaya bisa ɗaya. A matse su da juna da sifana biyu. Sannan a kama na ƙasa a juya hagu. Na sama zai tare shi, guntun ya biyo.

4. Idan noti ƙarami ne, a tsaga kansa da zarton ƙarfe. A sa babban sukudireba a tsagar, a danna, a juya hagu.

IDAN YA YI DAIDAI DA BAKIN RAMI

Ana iya gwada kurfi mai tsini. A kafa tsininsa a gefen guntun, a karkatar da shi, a riƙa bugawa a hankali zuwa hagu. Notin da ya karye wajen ɗaurewa yakan fito da wannan dabara, domin babu tsatsa a jikinsa. A kula kada kurfi ya zame ya ci jikin inji.

Idan ya ƙi, sai a nemi mai walda. Zai ɗora wosha a kan guntun, ya liƙe su. Sannan ya ɗora sabon noti a kai, ya cika cikinsa da walda. Guntun ya sami sabon kai ke nan. Zafin waldar kuma yana sassauta tsatsa. A bari ya ɗan huce, sannan a sa sifana a bi shi gaba da baya. Idan waldar ta ɓalle, a sake. Wani lokaci sai an yi sau biyu ko uku.

Kafin a kunna walda, lalle a tabbata an cire batir. Motocin zamani suna da ƙwaƙwalwa ta lantarki, wutar walda tana iya ƙona ta.

Wasu suna gasa wurin da wuta. Ƙarfen da ke kewaye da noti ake gasawa, don ya buɗe ya saki. Amma akwai haɗari. Alminiyam yana narkewa a zafin digiri 660, alhali baƙin ƙarfe sai ya haura 1,400. Kuma alminiyam ba ya yin ja kafin ya narke, balle ya yi wa mutum gargaɗi. Wanda bai saba ba ya bar wannan aiki.

IDAN YA NUTSE CIKI

A nan sai an huda. Wannan aikin mai injin huda ƙarfe ne, kuma mai hannu a tsaye. Ana fara sa alama a tsakiyar guntun daidai. Ana farawa da siririn baki, kamar mai milimita 3, sannan a ƙara girma. Dole hudar ta tafi sak. Idan ta karkace, ta ci zaren rami. Idan ta zarce, tana iya ɓullawa hanyar ruwa ko ta mai. Shi ya sa gwani yakan auna zurfin ramin da ke kusa, ya sa alama a bakin abin hudarsa.

Akwai wani ƙarfe mai zaren hagu da ake zurawa a hudar don a murɗo guntun. Yana da amfani ga notin da bai yi tsatsa ba. Amma yana da tauri, kuma yana karyewa kamar kwalba. Idan ya karye a ciki, bakin huda na yau da kullum ba ya cin sa. Garin neman gira an rasa ido ke nan.

Ko zare ya lalace, kada a yanke ƙauna. Masu injin gyaran ƙarfe suna iya yanka sabon zare, ko su sa wani zare na waya a cikin ramin, noti ya zauna kamar da.

LOKACIN DA ZA A NEMI GWANI

A bar aikin gida a tafi wurin ƙwararre idan:

1. Notin da ya karye yana cikin manyan da ke riƙe kan inji.
2. Fulogi ne ya karye a mazauninsa.
3. Guntun ya nutse, kuma babu kayan huda.
4. An gwada sau biyu ko uku bai motsa ba.

Tun da aka ƙirƙiri Jihar Jigawa ranar 27 ga Agusta, 1991, Dutse ta zama babban birni, makanikai da masu walda sun yawaita a cikinta. Sau da yawa ba sai an ja motar ba. Ana iya kwance ɓangaren da abin ya shafa, a naɗe shi a buhu, a kai a babur. Abin da ya gagara a Dutse sai Kano, inda kasuwar Ƙofar Ruwa ta yi suna wajen kayan gyaran mota.

Kada a ce noti ɗaya ne, sauran za su riƙe. Idan na famfon ruwa ne, ruwa zai riƙa tsiyaya, inji ya yi zafi, gaskit ya ƙone a tsakiyar hanya da kaya da fasinja. Kada kuma a cusa ƙusa ko a ɗaure da waya. Asarar kasuwa ɗaya ta fi asarar inji sauƙi.

WAJEN SAYEN SABON NOTI

A tafi da ɗan'uwan wanda ya karye, a gwada su. Tsawo ya zama ɗaya, kauri ɗaya, zare ɗaya. Wanda ya fi tsawo zai taɓo ƙasan rami, ya karye ko ya fasa inji.

A duba lambar da ke kan noti. Za a ga 8.8 ko 10.9 ko 12.9. Wannan lamba ƙarfinsa take nunawa. Mai 10.9 ya fi mai 8.8 ƙarfi. A sayi mai lamba irin ta wanda aka cire. Notin da babu lamba a kansa na ƙofa da gado ne, kada a sa shi a inji. Araha ba ta ado.

RIGAKAFI YA FI MAGANI

1. A zuba wa tsohon noti mai tun kwana ɗaya kafin aiki.
2. A yi amfani da sifana mai zobe, wadda lambarta ta yi daidai da kan noti.
3. Idan noti yana juyawa da laushi kamar ana murɗa ɗanyen kara, a tsaya. Karyewa zai yi.
4. A share rami kafin a ɗaura. Ruwa ko mai da ya taru a ƙasan rami yana iya fasa inji idan noti ya danne shi.
5. A fara ɗaurawa da yatsu. Idan ya cije tun farko, ya hau zare a karkace. A fito da shi a sake.
6. Ƙaramin noti mai ɗaukar sifana lamba 10 kaurinsa milimita 6 ne kawai. A riƙe sifana kusa da kanta wajen ɗaure shi.
7. Notin kan inji ana ɗaure su bi da bi, daga tsakiya zuwa gefe, da sifana mai awo. A motoci da yawa na zamani ba a mayar da tsofaffin, sababbi ake sawa.

A KULA DA RAI

Tururin fetur yana kamawa da ɗan tartsatsi. Kada a yi walda ko a kunna wuta kusa da tanki, ko bututun mai, ko jarka. A nisanci rumbu da dangar kara, musamman da hunturu lokacin da komai ya bushe. A ajiye bokitin yashi kusa. A sa tabarau wajen huda da bugun kurfi. Kada a shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita. A kori yara daga wurin. Wanda ƙarfe ya yanka ya wanke ciwon da ruwa da sabulu, ya je asibiti ya nemi allurar rigakafin sandarewar jiki.

AMFANIN KARATU

A lura, duk wannan aiki yana tafiya da lamba. Akwai lamba a jikin sifana, akwai a kan noti, akwai a sifana mai awo. Wanda ya shiga ajin yaƙi da jahilci zai karanta 8.8 da idonsa, ba mai sayar masa da notin gado a matsayin na inji. Zai rubuta girman notin a takarda ya aika yaro kasuwa, a kawo masa daidai.

Ana roƙon malaman azuzuwa su kawo tsofaffin notuna da sifanu aji, ɗalibai su karanta lambobin da ke jikinsu. Wanda kuma ya karanta wannan bayani ya karanta wa maƙwabcinsa mai mota ko mai injin ban ruwa, tun kafin Lahadi mai zuwa.