Me ya sa kiɗa ke fita a fim, amma ba a jin magana?

Masu ɗura finafinai a katin memori da masu haɗa bidiyo a Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai sun saba da wannan ƙorafi: mai saye ya dawo yana cewa ƙarar mota da kiɗa na tashi, amma muryar ƴan wasa ta ɓace ko ta yi ƙasa ainun. Sau da yawa lasifika lafiyarta lau. Matsalar ta faru ne lokacin da aka juya fayil ɗin.

Galibin finafinan waje na zuwa da sauti mai tsarin 5.1, wato hanyoyi shida: hagu da dama na gaba, ta tsakiya, biyu na baya, sai ta gurnani mai kauri. Kusan dukkan magana tana cikin ta tsakiya. Waya da talabijin kuwa hanyoyi biyu gare su. Idan manhaja ta ɗauki hagu da dama kawai ta watsar da sauran, magana ta tafi ke nan. Abin da ya dace shi ne a zaɓi haɗe shidan su koma biyu, inda ake raba ta tsakiya ga ɓangarorin biyu bayan an rage mata desibel 3.

Wannan haɗewa ita ma tana rage ƙara. Don kada sauti ya fashe, manhajoji da dama na sassauta komai, wani lokaci da fiye da desibel 7. Maganinsa shi ne a ɗaga hanyar tsakiya kaɗan kafin a haɗe, sannan a daidaita ƙarar duka, ba tare da ma'aunin ya taɓa ja ba.

Akwai wani dalili a tsarin Dolby Digital. Kowane fayil na ɗauke da lambar da ke shaida wa na'ura ƙarfin magana, daga -1 zuwa -31. Idan -31 ce, na'ura ba ta rage komai. Idan -27 ce, tana rage desibel 4. Wanda ya sa lambar da ba ta dace da aikinsa ba zai ji ya yi sanyi.

Jerin hanyoyin ma ba ɗaya ba ne. A fayil ɗin WAV ta tsakiya ce ta uku, a AAC ita ce ta farko. Idan aka rikita jerin, magana na iya komawa gefe guda, ko ta faɗa hanyar gurnani inda ba a fahimtar kalma ko ɗaya.

Wayar haɗi ma na da nata. Ta optik ba ta ɗaukar hanyoyi shida sai an matse su da Dolby Digital ko DTS, saɓanin HDMI.

Kafin a juya fim, a buɗe shi da MediaInfo, manhaja ce ta kyauta, a ga yawan hanyoyinsa. Idan a waya za a kalla, a mai da shi biyu tun a shago. A ƙarshe a saurari minti biyu a ƙaramar waya kafin a miƙa wa mai shi: hakan ya fi a mayar da kuɗi, ga asarar mai saye.