Farantin Petri Mai Kusurwa Huɗu da Sinadaran Rina Ƙwayoyin Halitta

1.0 Gabatarwa

Mai nazarin ƙananan halittu yana fuskantar matsaloli biyu. Ta farko ita ce yadda zai raini bakteriya su yawaita ba tare da sun cuɗanya da wasu ba. Ta biyu kuwa ita ce yadda zai gan su, domin akasarinsu ba su da launi ko a ƙarƙashin madubin ƙara girma. Wannan muƙala ta yi bayanin kayan aiki biyu da suka warware matsalolin: farantin Petri, musamman mai kusurwa huɗu, da sinadaran rini.

2.0 Asalin Farantin

Sunan farantin ya samo asali daga Julius Richard Petri, likitan Jamus wanda ya yi aiki a ƙarƙashin Robert Koch a Balin. A shekarar 1887 ya bayyana wani faranti na gilashi mara zurfi, mai murfin da ya ɗan ɗara shi faɗi, ta yadda iska za ta shiga amma ƙura ba za ta faɗa ciki ba.

Abincin da ake zubawa a ciki ma yana da tarihinsa. Da farko jelatin ake amfani da shi, sai dai yana narkewa a zafin jikin ɗan Adam, wato digiri 37, kuma wasu bakteriya suna cinye shi. Fanny Hesse ce ta ba da shawarar a gwada aga, wanda ake samu daga ciyawar teku. Aga ba ya narkewa sai zafi ya kai kimanin digiri 85. A kan daskararren aga, ƙwaya ɗaya takan hayayyafa har ta zama gungun da ido ke gani. A irin wannan faranti ne Alexander Fleming ya lura a 1928 cewa wata fumfuna ta hana bakteriya tsiro a kewayenta, abin da ya kai ga samun fenisilin.

3.0 Fa'idar Kusurwa Huɗu

Farantin da aka fi sani zagayayye ne mai faɗin milimita 90, kuma filinsa bai wuce murabba'in santimita 64 ba. Mai kusurwa huɗu na milimita 120 kuwa yana da kimanin 144, wato fiye da ninki biyu. Bugu da ƙari, akan zana wa gindin wasunsu layuka a tsaye da a kwance, a sa haruffa da lambobi, sai kowane gungu ya sami adireshinsa.

Amfanin wannan ya fi fitowa a gwajin ƙarfin magani. Akan shafa bakteriyar da aka samu daga majiyyaci a kan aga, a jera ƙananan takardu masu ɗauke da magunguna daban-daban, a kife farantin don kada raɓar murfi ta ɗiga, a bar shi ya kwana cikin ɗumi. Kashegari a auna faɗin da'irar da ta kasance fayau a kewayen kowace takarda. Idan da'irar ta yi ƙanƙanta, maganin ya daina aiki a kan wannan cuta. Fili mai faɗi yana ba da damar gwada magunguna da yawa ba tare da da'irorin sun haɗe ba. Masana tsirrai kuma suna tsayar da farantin a kan gefensa domin auna tsawon saiwa, abin da zagayayye ba zai lamunta ba.

4.0 Rini da Alama

Kamar yadda zare yake kama baba a marina, haka sassan ƙwayar halitta suke kama rini, kowane da nasa. A 1884 Hans Christian Gram, ɗan ƙasar Denmak, ya fito da hanyar da ta raba bakteriya gida biyu. Masu kaurin bango suna riƙe shunayya ko an wanke su da alkohol, masu siririn bango kuwa sukan saki, sai rini na biyu ya mayar da su ja-ja. Wannan bambanci yana shiryar da likita wajen zaɓen magani tun kafin sauran sakamako ya fito. Haka nan rinin Ziehl-Neelsen ke tona ƙwayar tarin fuka a majina, na Giemsa kuma ke nuna ƙwayar zazzaɓin cizon sauro a jini.

Alamomin zamani suna haskawa ne idan an dallara musu haske. A 1962 Osamu Shimomura ya bayyana wani furotin mai koren haske daga halittar teku da ake kira Aequorea victoria. Daga baya aka iya sa ƙwaya mai rai ta samar da shi da kanta, sai a bi motsinta ba tare da an kashe ta ba. Wannan aiki ya jawo masa lambar Nobel a 2008 tare da Martin Chalfie da Roger Tsien.

5.0 Kammalawa

Faranti ke ware cuta, rini ke bayyana ta. Inda aka rasa su, zato ke maye gurbin gwaji, kuma shan magani bisa zato yana daga cikin abubuwan da ke sa bakteriya su bijire wa magunguna. Samar da tsayayyun kalmomin Hausa ga waɗannan kayan aiki zai taimaka wa ma'aikacin lafiya ya fahimtar da majiyyaci dalilin jiran sakamako.