Miskili Ba Mai Girman Kai Ba Ne

Idan aka tashi binciken aure, asali da sana'a ba su cika ba da wahala ba. Inda ake tsayawa a yi ta jan magana shi ne wajen hali. Sai ka ji maƙwabci ya ce, "Ba shi da hayaniya." Wata ta ce, "Tana da fara'a, kowa nata ne." Wani ya rage murya ya ce, "Yana da kirki, sai dai fa akwai zuciya." Da 'yan kalmomin nan ake ɗaura aure ko a fasa, da su ake damƙa wa mutum mabuɗin shago ko a hana shi. Abin da ke da wannan nauyi ya cancanci a san yadda masana suka auna shi, da kuma inda awon nasu ya gaza.

Karkasa mutane gida-gida tsohuwar al'ada ce. Likitocin Girka na da, Buƙrat da Jalinus kamar yadda littattafan Larabci ke kiransu, sun ɗauka jikin mutum na tafiya ne a kan ruwaye huɗu: jini, majina, da maɗaciya iri biyu, rawaya da baƙa. Wanda jini ya rinjaya shi ne mai fara'a, mai rawayar maɗaciya mafaɗaci, mai baƙar kuwa mai yawan tunani da ƙunci, sannan mai majina shi ne mai sanyin hali. Ibn Sina ya faɗaɗa wannan ra'ayi a littafinsa na likitanci, Alƙanun, wanda ya kammala a 1025. Har yau ana jin ƙamshinsa a wurinmu, domin masu hisabi kan ce wane ɗabi'arsa wuta ce, wance kuma ruwa, saboda haka zamansu ba zai yi ƙarko ba. Likitancin zamani ya daɗe da ajiye batun ruwayen nan, amma sha'awar saka mutane cikin akwati ba ta mutu ba, sabuwar riga kawai ta sake.

A 1921 Carl Jung, likitan ƙwaƙwalwa ɗan ƙasar Suwizalan, ya raba mutane zuwa masu samun kuzari a cikin jama'a da masu samunsa a kaɗaice. Daga tunaninsa ne wata uwa da 'yarta a Amurka, Katharine Briggs da Isabel Myers, suka tsara gwajin da ke rarraba mutane gida 16. Shi ne tushen yawancin gwaje-gwajen da matasa ke yi a waya, a ba su haruffa huɗu, su manna a Facebook kamar lambar mota. Su biyun ba su yi karatun ilimin halayyar ɗan Adam a jami'a ba, amma ba nan gizo ke saƙa ba. Matsalar ita ce mutane da yawa idan suka maimaita gwajin bayan 'yan makonni sai su faɗa wani gida daban. Jung da kansa ya yi gargaɗin cewa babu mutumin da yake tsantsar ɓangare ɗaya.

To me ya sa kowa ya karanta sakamakonsa sai ya ce wallahi kamar an san shi? A 1948 wani malamin jami'a a Amurka, Bertram Forer, ya yi wa ɗalibansa 39 gwajin hali, daga baya ya miƙa wa kowanne takardar da ya ce bayanin halinsa ne shi kaɗai. Ya nemi su ba bayanin maki daga 0 zuwa 5, matsakaicin abin da suka bayar ya kai kusan 4.3. Ashe takarda iri ɗaya ya raba musu duka, kuma daga wani littafin duban taurari ya tsinto jimlolin. Magana ce mai shiga kowa, irin a ce kana son a ƙaunace ka, wani lokaci kana sakin jiki da mutane, wani lokaci kana janyewa. Da wannan dabara boka ke cin abinci.

Hanyar da ta fi samun karɓuwa wurin masana ta faro ne daga ƙamus. A 1936 Gordon Allport da Henry Odbert suka tsamo kalmomi kusan 18,000 da Turanci ke siffanta mutum da su. Waɗanda suka biyo bayansu, irin su Lewis Goldberg da Paul Costa da Robert McCrae, suka yi ta tacewa da lissafi har aka tsaya a kan manyan fannoni biyar: son shiga jama'a, sauƙin kai da tausayi, tsari da cika aiki, saurin damuwa, da son sabon abu. Bambancin wannan da na baya shi ne ba a cewa kai ɗan gida kaza ne. Kowane fanni ma'auni ne kamar tsawo. Dogaye sosai kaɗan ne, gajeru sosai kaɗan ne, yawancinmu muna tsakatsaki. Shi ma bai tsira daga suka ba, domin da aka gwada shi a kan Tsimane, wata al'ummar manoma da mafarauta a Bolibiya, binciken da aka buga a 2013 bai samu fannonin biyar sun fito yadda aka saba ba.

Abin da na fi so mai karatu ya riƙe shi ne babu wani gefen ma'aunin da yake kirki ne zalla ko aibi zalla. Mai tsari shi ake so a kan kuɗin masallaci, amma zama da shi a ɗaki ɗaya sai an daure. Mai saurin damuwa yana wahalar da kansa, sai dai shi ne zai fara jin ƙaurin wayar lantarki cikin dare. Mai sauƙin kai kowa na sonsa, kuma shi ne wanda bashin 'yan uwa ke karya wa jari. Ko cikin sahabbai an san Sayyidina Abubakar da taushi, an san Sayyidina Umar da tsanani, Allah ya ƙara musu yarda. A kan fursunonin Badar na farko ya ba da shawarar a karɓi fansa, na biyu ya nemi a zartar musu da hukuncin kisa, kuma ba wanda ya taɓa shakkar imanin ɗayansu saboda haka.

Mu kuwa sau da yawa muna cakuɗa yanayin mutum da tarbiyyarsa. Amarya ta zo gidan yawa, ba ta iya zaman hira a tsakar gida ba, kafin wata ya zagayo an yanke mata hukuncin girman kai, alhali hayaniya ce ke gajiyar da ita. Yaro mai yawan tambaya a kira shi mara kunya. Ta ɗaya gefen kuma, mai zagin mutane ya fake da "ni haka Allah ya yi ni". Siffofin da Anthony Kirk-Greene ya tattara a 1974 game da wanda Hausawa ke kira mutumin kirki, irin su gaskiya, amana, haƙuri da mutunci, ba su keɓanta da mai surutu ko mai shiru ba. Ana iya samun miskili mai amana, ana iya samun mai faran-faran da zai cinye dukiyar maraya yana dariya.

Daga ina halin ke zuwa? Bincike a kan tagwaye, ciki har da wanda Thomas Bouchard ya fara a Jami'ar Minnesota a 1979 kan tagwayen da suka tashi a gidaje daban-daban, ya nuna gado na ɗauke da wajen kashi 40 zuwa 50 cikin ɗari na bambancin hali tsakanin mutane. Sauran ya rataya ne a kan abin da rayuwa ta haɗa mutum da shi. Wuri ma na da tasa rawar, kamar yadda Walter Mischel ya ja hankali a 1968: direban da ke ruri a tasha shi ne mai sunkuyar da kai gaban surukinsa.

Muna cewa hali zanen dutse ne, kuma da gaskiya a ciki, domin wanda ya fi sa'o'insa surutu yana ɗan shekara 20 yawanci shi ne zai fi su yana ɗan 60. Amma binciken da ya bi mutane shekara da shekaru ya nuna cewa da girma yawancin mutane kan ƙara tsari da sauƙin kai, saurin harzuƙarsu kuma ya ragu, kuma canjin ya fi ƙarfi tsakanin shekara 20 zuwa 40, daidai lokacin da aure da haihuwa da neman abinci ke hawa kan mutum.