Yadda Ƙaramin Jari Ke Tashi a Fagge da Sabon Gari

'Yan'uwa manoma, kusan a kowane taron ƙungiya sai wani ya miƙe ya ce ba mu da jari. To, bari mu leƙa Kano mu ga yadda jari yakan fara.

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911. Turawa sun sa rai auduga zai riƙa ɗauka. Amma fataken goro suka tura yaransu ƙauyuka da kuɗi da gishiri da tufafi, manoma kuwa suka zaɓi gyaɗa, har a kakar 1912 buhuna suka fi ƙarfin tasha. Cinikin nan ya jawo baƙi, aka yanka musu Sabon Gari wajen 1913, Fagge ma da ke maƙwabtaka ta cika da kantuna.

Har yau yawancin masu shago a can ba da rancen banki suka fara ba. A Kantin Kwari, cikin Fagge, yaro yakan karɓi turmin atamfa bashi daga hannun mai shago, ya sayar, ya kawo kuɗin, ribar ta zama tasa. In ya riƙe amana, gobe a ba shi goma. A Sabon Gari, 'yan kasuwa Ibo sukan ɗauki yaro ya yi shekara biyar ko fi yana tsaron shago, sa'an nan ubangidansa ya sallame shi da jari. Mata kuma adashi ne bankinsu. Kowane shago ɗaya yana ciyar da ɗan dako, da mai tura baro, da tela, da mai sayar da tuwo.

Akwai haɗari fa. A watan Maris na 2016 gobara ta cinye dubban shaguna a kasuwar Sabon Gari, wanda dukan dukiyarsa ke cikin shago ya wayi gari ba shi da ko anini. Saboda haka kuɗin ƙungiya banki za a kai, magatakarda ya rubuta.

Mu da ke noman gyaɗa muna sayarwa da kaka, lokacin da ta fi araha, wasu su matse mai su toya ƙuli-ƙuli su ci ribar. A ganinmu, kowane mamba ya ajiye tiya biyar bana, a ba Zumuntar Mata bashi su sarrafa, su biya kafin shuka. Shugabannin ƙungiya su kawo maganar a taro na gaba, bayan sujada.