Kawunan da Ke Jere a Madubin Mai Aski

Duk wanda ya taɓa zama a shagon aski mai madubi gaba da baya ya san abin. Da ya ɗaga ido sai ya ga fuskarsa, bayanta ƙeyarsa, sai fuska, sai ƙeya, sun jeru reras har sun shige duhu. Mutum ɗaya ne a kujera, madubi biyu ne a bango. To, daga ina sauran kawunan suka fito?

Haske ne ke kai-komo. Idan ya faɗa kan madubi sai ya dawo daidai da karkatar da ya zo da ita. Shi kuwa madubin baya ba ya bambance mutum da hotonsa, don haka hoton da na gaba ya nuna, shi ma sai ya sake nuna shi, na gaba ya karɓa ya mayar. A lissafi jerin ba shi da iyaka. Amma kowace dawowa sai madubi ya ci wani abu daga hasken, shi ya sa kawunan can ciki ke dusashewa. Suna kuma yin kore-kore, saboda ɗan sinadarin ƙarfe da ke cikin gilashi.

Abin ya fi daɗi idan aka haɗa gefen madubai biyu kamar littafin da aka buɗe, domin a nan hotunan ƙirguwa suke yi. A raba 360 da girman kusurwar, a cire ɗaya. Digiri 90 na ba da hotuna uku, 60 biyar, 45 bakwai. Da madubi biyu na kasuwa da murfin kwalba ɗalibi zai tabbatar da wannan, kuma hakan ya fi haddar lissafin nesa ba kusa ba. Hoton da ke tsakiyar kusurwar digiri 90 na daban ne: sau biyu hasken ya juya, saboda haka mutum zai ga kansa yadda jama'a ke ganinsa, ba a juye ba.

Da wannan dabarar David Brewster, masani ɗan ƙasar Sukotilan, ya ƙera kalaidoskof, bututu mai madubai da gutsattsarin gilashi masu launi, ya yi masa rajista a 1817.

Idan kuwa madubai uku suka haɗu kamar lungun ɗaki, ta duk inda haske ya shigo, can zai koma. Irin waɗannan ƙananan lunguna ne cike a jan abin da ke ƙyalli bayan keke idan fitilar mota ta haska shi. A watan Yuli na 1969 'yan sama jannatin Apollo 11 suka ajiye faranti mai irinsu guda 100 a duniyar wata. Har yau masana na harba masa hasken leza, su auna lokacin da ya ɗauka kafin ya dawo, kuma ta haka aka gano wata na nisantar duniya da kusan santimita 3.8 kowace shekara.