Mishan na Mako Biyu: Wa Ke Cin Ribar Tafiyar?

Duk lokacin hutun makarantu a Amurka, daga Yuni zuwa Agusta, filayen jiragen sama sukan cika da matasa sanye da rigunan anko, fastonsu na gaba. Meziko za su, ko Honduras, ko Haiti, ko Uganda, su yi kwana goma ko mako biyu suna gini, suna koyar da yara, suna wa'azin bishara, sannan su koma gida. Masanin zamantakewa Robert Wuthnow na Jami'ar Princeton ya ƙiyasta cewa a tsakiyar shekarun 2000 kimanin Amurkawa miliyan 1.6 ne ke yin irin wannan tafiya kowace shekara.

Da can ɗan mishan yakan bar gida ne da niyyar ƙare rayuwarsa inda aka tura shi. Mutum uku da suka kafa Sudan Interior Mission (SIM) sun sauka Legas a 1893; biyu daga cikinsu, Walter Gowans da Thomas Kent, zazzaɓi ya kashe su a shekarar da ta biyo baya. Likita Walter Miller ya shafe shekaru masu yawa a Zariya yana koyon Hausa kafin a buga cikakken Littafi Mai Tsarki da harshen a 1932. Sauyin ya fara ne da ƙungiyoyi biyu: George Verwer ya je Meziko da abokansa ɗalibai lokacin hutu a 1957, tafiyar da ta haifi Operation Mobilisation, Loren Cunningham kuma ya kafa Youth With A Mission a 1960. Dukansu sun buɗe wa matashin da bai yi makarantar tauhidi ba ƙofar fita aikin bishara na ɗan lokaci.

Abubuwa da dama sun hura wutar lamarin. Kuɗin jirgi ya sauko, tafiyar da ake yi ta makonni a teku ta koma ta yini ɗaya. Ikilisiyoyi kuma sun fara gajiya da aika baiko ga hedikwatar ɗariƙa ba tare da sun ga inda kuɗin ya shiga ba. Sun fi son su tura 'ya'yansu su gani da ido, su dawo su ba da shaida ranar Lahadi. Iyaye na ganin tafiyar a matsayin tarbiyya ga yaron da bai taɓa sanin rashi ba. Daga baya Facebook da Instagram suka zo, hoton baƙo rungume da yaran ƙauye ya zama talla mai jawo na baya.

Ga matafiyi, ribar a fili take: ya ga duniya, ya yi abokai, wasu daga nan suka ji kiran zama 'yan mishan na dindindin. Ga masu masauki ne lissafin ke rikicewa. Bayan guguwar Mitch ta ragargaza Honduras a 1998, Kurt Ver Beek na Kwalejin Calvin ya kwatanta gidajen da ayarin baƙi suka gina da waɗanda ƙungiyoyin Kirista na ƙasar suka gina. Ya gano cewa ayari kan kashe kusan dala 30,000 a kan gidan da 'yan ƙasa ke ginawa da dala 2,000, galibin kuɗin kuma tikiti da masauki suka cinye. Bai ga wani bambanci mai ɗorewa a rayuwar waɗanda aka gina wa gidajen ba, baikon matafiyan ma bai ƙaru sosai ba bayan sun koma. Ga kuma magini da birkila na garin, waɗanda aka zo aka yi aikinsu kyauta suna zaune.

Ɓarnar ta fi muni a gidajen marayu. Yaro ya saba da baƙuwa mako guda, ta tafi, wata ta zo, ita ma ta tafi. Inda baƙi ke zuwa da kuɗi kuwa, sai gidajen su yawaita, a riƙa karɓo yara daga hannun iyaye matalauta don a cika gadaje. Bayan girgizar ƙasar Haiti ta 2010, an kama wasu Amurkawa goma 'yan Baptis suna ƙoƙarin fitar da yara 33 zuwa Jamhuriyar Dominika ba da takardu ba, aka kuma gano yawancin yaran suna da iyaye a raye. Rashin sanin ƙasa yana iya cin rai ma: a 2007 'yan Taliban sun sace mutum 23 daga wata majami'ar Koriya ta Kudu a Afganistan, suka kashe biyu.

Sukar da ta fi tasiri daga cikin gida ta fito. Littafin When Helping Hurts na Steve Corbett da Brian Fikkert, wanda ya fito a 2009, ya sa majami'u da yawa sun sake tunani. Wasu sun rage yawan ayari, sun ɗaure tafiyar da ikilisiya guda da suke komawa wurinta shekara bayan shekara, sun bar wa masu masauki ikon faɗin abin da suke buƙata.

A nan ne ake gane tafiyar da ke da amfani. Asibitin Galmi a Jamhuriyar Nijar, wanda SIM ta buɗe a 1950, yana karɓar likitocin da ke zuwa na 'yan makonni ko watanni. Likitan tiyata da ya zo ya riƙe wa abokin aikinsa ɗakin fiɗa, ko ya koyar da masu neman ƙwarewa, ya cike gurbin da yake akwai tun kafin zuwansa, a ƙarƙashin mutanen da za su ci gaba da duba majinyacin bayan ya tafi. Hausawa sun ce baƙo raɓa ne. Raɓa tana amfanar shukar da wani ya dasa yake kuma ba ta ruwa, amma ba a yin noma da ita kaɗai. Majami'ar da ke shirin tura ayari ta fara tambayar masu masauki: da za a ba ku zaɓi tsakanin mu da kuɗin tikitinmu, wanne za ku ɗauka? In amsar ita ce kuɗin, to ayarin ya amsa sunansa na masu zuwa koyo, ya tafi da kunne a buɗe, a bar wa maginin gari aikinsa.