Ruwan Rijiya da Ciwon Daji: Abin Lura ga Ƙasar Gobir



Duk wanda ya san ƙasar Sabon Birni da Isa ya san arzikinta a fadama yake. A wannan yanki ne gulbin Bunsuru da na Gagare da na Maraɗi suke haɗuwa su zama gulbin Rima, ruwa kuwa yana kusa ƙwarai, har mutum yakan haƙa gaba biyu ko uku a fadama ya tarar da shi. To, wannan sauƙi shi nake so mu duba yau, domin rijiya marar zurfi takan sha duk abin da aka zubar a gefenta.

Tun daga shirin noma na gwamnatin Janar Obasanjo a 1976, takin zamani ya yawaita a gonakinmu. Shi takin, da kashin dabbobi, da abin da ke tsatsowa daga shadda, ƙwayoyin halitta na cikin ƙasa sukan mayar da su wani gishiri da ake kira naitiret. Wannan gishiri ba ya kama ƙasa, ruwan sama ne ke wanke shi ya gangara rijiya. Ba shi da launi, ba shi da wari, ba a jin ɗanɗanonsa.

Idan mutum ya sha shi, ƙwayoyin halitta na cikin baki sukan juya wani kashi nasa ya koma naitirait. Shi kuma in ya isa ciki ya gamu da tsami, yana iya haɗuwa da wasu sinadarai na nama da kifi, a sami abin da ake kira naitirosamin. A 1956 masana biyu a Ingila, Magee da Barnes, suka nuna cewa wani nau'insa yana sa wa ɓeraye ciwon daji na hanta. A 2006 hukumar binciken ciwon daji ta duniya da ke Liyon, a Faransa, ta yanke cewa mai yiwuwa ne naitiret da naitirait su jawo wa ɗan Adam ciwon, muddin suka rikiɗa haka a cikin jiki. Sa'an nan a 2018 wani bincike a Danmak, a kan mutum miliyan 2.7, ya ga ciwon daji na hanji ya ɗan fi yawa ga masu shan ruwa mai naitiret fiye da kimanin miligiram 4 a lita.

Sai dai a lura, hukumar cewa ta yi "mai yiwuwa", ba ta ce tabbas ba. Ganye ma yana da naitiret da yawa, amma bitamin C da ke cikinsa yana rage wannan rikiɗa. Haɗarin da aka tabbatar shi ne na jarirai, wanda likita Comly ya bayyana a Amurka a 1945: naitirait yana hana jini ɗaukar iska, har jikin jariri ya yi shuɗi. Saboda su ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar miligiram 50 na naitiret da miligiram 3 na naitirait a lita. Watau ba don ciwon daji aka yanka iyakar ba.

Me ya kamata a yi? Tafasa ruwa yana kashe ƙwayoyin cuta, amma ba ya fitar da naitiret, sai ma ya ƙara masa ƙarfi. Don haka a nisanta rijiyar sha daga shadda da turken dabbobi da kamar mita 30, a ɗaure bakinta da siminti, kada kuma a mayar da rijiyar ban ruwa ta lambu wurin ɗiban ruwan sha. Uwa ta shayar da jariri nono zalla wata shida. Ku kuma ma'aikatan ruwa da na lafiya, auna naitiret ba shi da wuya. A riƙa auna rijiyoyin gari da rani da bayan damina, a rubuta sakamakon, a gaya wa mai unguwa wadda ta wuce iyaka. Ɗalibanmu na kimiyya suna iya ɗaukar wannan aiki idan sun je gida hutu.